Ranar da Na Je Makokina da Ƙafata

Ba zan taɓa mantawa da yammacin ranar da aka yi mini aikin baya ba, kuma ko na so in manta, mutanen ofishinmu ba za su bari ba, don har yau "Marigayi" suke kirana. Da safe idan na shiga, sai ka ji wani ya ce, "Marigayi, an tashi lafiya?" Ni kuma in amsa, don na gaji da yin fushi.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Malali da matata Rukayya da 'yarmu Amira. Ciwon ya fara mini ne a ƙugu, kamar wasa, daga baya ya gangara ƙafar hagu har tafin ƙafa, kamar an zura mini waya mai wuta. Ya kai ga ko atishawa zan yi sai na nemi bango na dafa. Babu abin da ban gwada ba. Na sha jiƙo, an yi mini ƙaho, an mulke ni da man zafi har Amira ta daina zuwa kusa da ni. Da abin ya ƙi, aka tura ni ɗaukar hoton baya a cikin wata na'ura mai kama da rami, aka zura ni ciki a kwance, aka ce kar in motsa. Tun daga cikin ramin nan tunanin kabari ya kama ni, kuma bai sake ni ba.

Likitan da ya duba hoton matashi ne, na girme shi nesa ba kusa ba. Ya ce wani ɗan abu mai laushi da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya ne ya ɓullo ya danne jijiya. Ya ce ba tsaga ni za a yi ba, 'yar ƙofa za a huda a zura na'ura a cire abin da ya danne jijiyar. Sannan ya gyara zama ya yi mini dogon bayani a kan yadda suke jinya yanzu. Ba za a bar ni da doguwar yunwa kafin aiki ba, har wani ruwa mai zaƙi za a ba ni da sauran lokaci. Idan na farfaɗo zan sha ruwa, in sha kunu. A ranar zan tashi in taka da ƙafata, don doguwar kwanciya ita ke kashe jiki, ta kawo daskarewar jini a ƙafa. Washegari, in komai ya tafi daidai, in kwana a gida.

"Ka gaya wa iyalinka duk wannan," in ji shi. "Kar su zo su ga abin da ba su zata ba."

Na gyaɗa kai kamar mai fahimta. A zuciyata kuwa cewa nake, yaron nan bai san Babana ba.

Ina makarantar sakandare aka yi wa Babanmu aikin baya. Tabon da aka bar masa ya kusa tsawon hannuna. Tun da aka kwantar da shi bai sake tsayawa da ƙafarsa ba har Allah ya karɓi ransa. (Likitana ya ce mai yiwuwa ma ba ciwo ɗaya ba ne da nawa, amma wa ke sauraron wannan?) Mahaifiyarmu, Inna, ita ta yi jinyarsa shekara da shekaru a gidanmu na Unguwar Shanu. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke shimfiɗa masa wata jar leda ta asibiti a ƙarƙashin zanen gado. Har yau ina iya jin ƙarar ledar nan idan ya motsa. Yanzu Inna ta tsufa, ga hawan jini. Da na gaya mata za a yi mini aiki, ta daɗe tana kallon ƙafafuna, sannan ta ce, "Ni dai roƙona ɗaya, kar in sake shimfiɗa ledar nan."

To ka ji dalilin da ya sa ban gaya wa kowa maganar tafiya ba, har Rukayya. Ban yarda ba, kuma ina jin kunyar in faɗa ya zo bai faru ba. Abin da na yi a maimakon haka shi ne yawon neman yafiya. Na bi ofis tebur tebur. Na tsaya bayan sallar asuba a masallacin layinmu. Na je Kinkinau wajen surukata Hajiya, mahaifiyar Rukayya, na sunkuyar da kai na ce a yafe mini. Na je wajen Malam Idi, aminin Babanmu wanda ya koya mini karatun allo, na ce ya sa ni a addu'a, ga amanar Inna. Har wajen mai wankin motata na je. (Gaskiya akwai ɗan daɗi a ciki. Ban taɓa sanin ana sona haka ba.) Kafin ranar aiki, duk wanda ya san ni ya gama yanke hukuncin cewa ko dai gawa, ko dai kwanciyar Babanmu.

Ranar ta zo a tsakiyar damina. Aka sa mini rigar asibiti, irin mai buɗaɗɗen baya da ake ɗaurewa da igiyoyi, babu komai a ƙarƙashinta. Aka sa mini wata doguwar farar safa mai matse ƙafa. Da safe aka shiga da ni, na yi kalmar shahada har sai da mai allurar barci ya ce ya isa haka, in yi numfashi.

Da na farfaɗo, abu biyu na fara lura da su. Maƙogwarona yana zafi kamar an kankare shi, saboda robar numfashin da aka zura mini, murya kuma ta tafi, sai iska. Na biyu, wayar wutar nan ta ƙafata babu ita. Wata da watanni muna tare, dare da rana, sai ga shi wajen ya yi shiru. Mai hankali murna zai yi. Ni tsoro na ji. Na motsa yatsun ƙafa, suka motsa, amma duk da haka ban yarda da su ba.

Nas ɗin da ke kula da ni sunanta Sista Ladi, gajeriya, mai saurin magana, irin matan da ba a yi musu gardama. Ta ba ni ruwa na kurɓa, ta jira ta ga ban yi amai ba, sannan ta ce wa Rukayya, "Madam, ina kunu? Oga zai iya sha fa."

Rukayya ta zaro ido. Ba ta zo da komai ba, don a saninta wanda aka yi wa tiyata sai ya kwana biyu bai sa komai a baki ba. Nan da nan ta ɗauki mayafi ta tafi Malali dama kunun gyaɗa. Aka bar ni ni kaɗai a ɗakin.

Bayan la'asar Sista Ladi ta dawo, ta gwada jinina, ta matsa mini ƙafafu ta ce in tura hannunta, sannan ta ce, "To Oga, tashi za mu yi."

Na yi mata alama da hannu cewa ban ji ba.

"Ka ji ni sarai. Tafiya za mu ɗan yi, mu dawo."

Da 'yar iskar da ta rage mini na ce, "Sista, yau fa aka yi aikin."

"Ai ina wajen. Juya ta gefe, kafaɗa da ƙugu su tafi tare, kamar gungume. Yauwa. Sauko da ƙafa, tura da hannu. Ka ji dokata: ba sunkuyawa, ba murɗa jiki, ba ɗaukar kaya. In za ka juya, ka juya gaba ɗayanka. Ko wayarka ce ta faɗi ƙasa, ka bar ta a nan, wani ya ɗauko maka."

Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni zaune, sai ga ni tsaye. Ta yafa mini farin zanen gado a kafaɗa don rufe bayan rigar, ta riƙe ni a hannu, muka fita. Takalmana na ƙarƙashin gado, hulata da wayata na kan durowa. Da safar nan kawai na taka, tana da ɗan kaushi a tafi don kar a zame.

Muka bi doguwar baranda a hankali har ƙarshenta, inda akwai kujera kusa da taga. Muna isa wata nas ta leƙo daga wani ɗaki ta kira ta da gaggawa. Sista Ladi ta zaunar da ni, ta nuna ni da yatsa. "Zauna nan. Kar ka motsa. Yanzu zan dawo."

Tana shiga ɗakin hadari ya rufe gari. Ka san hadarin Kaduna, yanzu rana, yanzu kamar magariba. Iska ta taso tana buga wata taga da ba a rufe ba. Sai wuta ta ɗauke, janareta kuma bai tashi nan take ba. Barandar ta yi duhu duhu, ta yi tsit, babu kowa sai wani gadon tura marasa lafiya da aka bari a jikin bango, babu kowa a kai. Sanyi ya kama ni, na ja zanen na rufe har kaina. Maganin da aka ba ni bai gama sakina ba, kaina yana yawo kamar ba a jikina yake ba.

Sai na ji kuka.

Can ƙasa ƙasa yake fitowa, daga ɗaya ƙarshen barandar, wajen ɗakina. Kukan mace ne, babba, irin wanda ake yi ana salati a ciki. Na kasa kunne. Na san muryar. Hajiya ce, surukata.

Na manta da "kar ka motsa". Na miƙe a tsaye ƙyam kamar yadda aka koya mini, na kama ƙarfen da ke jikin bango, na fara tafiya. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne ba na jin takuna. Safar ba ta ƙara ko kaɗan. Ƙafar da na saba jan ta kamar buhu ta zama sakayau, kamar ba tawa ba. A tsakiyar baranda wata mai aikin shara ta zo wucewa, ta rungumo tulin zannuwa har sun rufe mata fuska. Na ɗaga mata hannu. Ta wuce ta gefena har zanen ya shafe ni, ko kallona ba ta yi ba.

Na isa bakin ƙofar ɗakina na tsaya.

An yaye zanen gadona. Katifar roba ce kawai, baƙa, an goge ta tana sheƙi. Babu filo. Takalmana na nan a ƙasa a jere, hulata na kan durowa. Hajiya na zaune a ƙasa ta rufe fuska da mayafi tana rawar jiki. Malam Idi na kan kujera, kansa a sunkuye, carbi a hannu. Nasiru, ƙanen Rukayya, ya juya baya yana fuskantar taga, hasken waya na haska masa gefen fuska. Ga ledar lemo da ayaba da suka zo dubiya da ita a yashe a tsakar ɗaki.

Na yi sallama. Babu abin da ya fito sai iska. Na sake yi. Babu wanda ya ɗago.

"Haka na tarar da gadon Alhaji," in ji Hajiya, tana nufin marigayi mijinta. "Wallahi haka, Malam. Na je ɗauko ruwan zafi, na dawo na ga katifa babu zane, ga takalmansa a ƙasa."

"Mu dai jira mu ji daga bakin likita, Hajiya," in ji Malam Idi.

"Me za mu ji? Mutumin da aka tsaga wa baya da safe, ina zai je da ƙafarsa? Ga hularsa nan, ga wayarsa."

Malam ya ce, "Ashe ya ji a jikinsa. Da ya zo mini neman yafiya har na yi masa faɗa."

"Na riga na ɗora sanarwar rasuwar a waya," in ji Nasiru. "Gara mutane su sani da wuri, saboda jana'iza."

Yanzu ina so mai karatu ya yi mini adalci, ya tsaya a inda na tsaya. Ciwon da ya hana ni barci ya tafi gaba ɗaya. Ina magana ba a ji. Ina tafiya ba ƙara. Mutum ya wuce ta gefena bai gan ni ba. Ina lulluɓe da farin ƙyalle tun daga kai. Ga gadona babu ni a kai, ga mutane suna kukana. Na haɗa wannan da wancan, na fito da amsa. (Ina da digiri. Har kwas an tura ni. Ina faɗa ne don a san ilimi bai hana komai ba.) Na ce a raina, ashe haka abin yake. Ashe ban farfaɗo ba. Ashe Sista Ladi ma ba nas ba ce.

Wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙeya har dunduniya. Ban taɓa jin kaɗaici irin wannan ba, ga mutanena kusa da ni har ina jin ƙamshin turaren Malam, amma kamar akwai kogi a tsakaninmu. Na tuna Amira. Na tuna sallolin da na yi a gurguje. Idona ya cika.

Amma ɗan Adam ba ya barin halinsa. A cikin wannan halin ma sai na sami kaina na ɗan kasa kunne, in ji irin yabon da za a yi mini.

"Mutumin kirki ne Yaya," in ji Nasiru yana jan hanci. "Sai dai tsoro."

"Tun yana yaro," in ji Malam Idi. "Ko ƙadangare ya gani sai ya bar allonsa. Allah ya jiƙansa."

Shi ke nan abin da na samu. Ina tsaye ina haɗiye wannan, sai Nasiru ya ce, "Bari in kira Inna, kar ta ji a bakin duniya." Na ga ya fara laluben lamba.

Nan komai ya fita daga kaina. Inna, ita kaɗai a tsakar gida, da hawan jininta, a kira ta a waya a ce mata haka? Ko na mutu ko ban mutu ba, wannan ba za a yi shi a gabana ba. Na shiga ɗakin, na ratsa ta gaban Hajiya, na cafke wuyan hannun Nasiru ta baya, na tattara duk ƙarfin da ke ƙirjina. Muryar ta fito, amma ba tawa ba, wata irin gurnani ce kamar ana jan tsohuwar ƙofar ƙarfe.

"Kar ka kira Inna."

A daidai lokacin janareta ya tashi, fitilu suka kawo gaba ɗaya.

Ihun da Nasiru ya yi, an ce har masu gadi sun ji. Wayar ta yi sama, shi kuma ya haye gadon ya dira ta ɗaya gefen, ƙato da shi, mai gemu. Hajiya ta ɗaga mayafi ta ga dogon abu fari tsaye a kanta, ta buɗe baki, salatin ya maƙale. Malam Idi ya miƙe yana ja da baya har ya haɗu da bango, yana karanto duk abin da ya zo bakinsa da ƙarfi.

Ni kuma murna ta kama ni, an gan ni. Na matsa kusa da shi, hawaye na zuba, na ce, "Malam, kuna ganina? Malam, don Allah ku gaya mini gaskiya, na rasu ne?"

Malam ya tsaya da karatun. Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Ɗana, ni kake tambaya?"

"Oga!" Muryar Sista Ladi ce daga bakin ƙofa, tana haki. "Ba na ce ka zauna ba? Na duba ko'ina!"

To a nan ne biyayyata ta kashe ni. An ce kar in murɗa jiki, in juya gaba ɗayana. Sai na juya gaba ɗayana, a hankali, kamar ana juya kabad, na fuskanci ƙofa, na ba Hajiya baya. Ban san na taka gefen zanen ba. Ya zame daga kaina, ya bi kafaɗa, ya tafi ƙasa. Igiyoyin rigar kuwa ashe tuni sun kwance. Na ji iskar fanka a inda bai kamata in ji ta ba.

Wannan fa Hajiya ce. Matar da tun da na auri 'yarta ban taɓa haɗa ido da ita ba, ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ko hula ban taɓa cirewa ba. Tana zaune a ƙasa, ni ina tsaye, kuma tsakaninmu bai kai taku biyu ba.

Na yunƙura zan ɗauki zanen.

"Kar ka sunkuya!" Sista Ladi ta daka mini tsawa.

Sai na tsaya. Ƙyam, kamar soja. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ruwan sama da ya fara sauka a kan kwano. Ban san tsawon lokacin ba, amma a wajena ya fi aikin tiyatar daɗewa. Can na ji Malam Idi ya yi gyaran murya ya ce, "A'a. Wannan da ransa."

Sista ta zo ta ɗauki zanen ta rufe ni, ta ɗaure igiyoyin tana faɗa, wai mai shara ce ta ga ba na nan ta ce bari ta canza shimfiɗa kafin in dawo. Hajiya ta riga ta mayar da mayafinta kan fuska, amma yanzu ba don kuka ba. Ina addu'a a raina Allah ya sa ta runtse ido da wuri. Sai na ji ta daga cikin mayafin, a hankali, tana tambayar Sista, "Yanzu wannan ɗan filastan shi ne duk aikin?"

Ka ga ke nan ta ga komai.

Ana cikin haka Rukayya ta faɗo ɗakin a guje, jiƙe sharkaf, flas ɗin kunu a hannu, takalmi ɗaya a ƙafa. A cikin Keke ta ga abin da ƙanenta ya ɗora, da hotona, wanda ya fi kowanne muni, ina cin nama a wajen biki. Ta gan ni zaune a bakin gado, ta taɓa fuskata, ta fashe da kuka, ta juya ta rufe Nasiru da duka da hannu ɗaya. Da Sista ta ba ta labarin sauran, kukan ya koma dariya har ta zauna a ƙasa kusa da uwarta.

Dariyar ba ta daɗe ba. Nasiru ya goge abin, amma wata maƙwabciyar Inna ta riga ta gani, ta shiga mata gida da salati. Rukayya ta kira Inna da sauri ta kara mini wayar a kunne. Na ce, "Inna, ni ne." Ta ce wannan ba muryar ɗanta ba ce. Sai da Malam Idi ya karɓa ya rantse mata. Aka dawo mini da wayar. Ina jin numfashin Inna.

"To, kana da rai, alhamdu lillahi. Ƙafafun fa?"

"Inna, ina tafiya. Yanzu ma daga tafiya nake."

"Haka aka ce mini lokacin Babanku," in ji ta, ta kashe wayar.

Washegari likita ya zo, ya riga ya ji labari, yana ta ƙoƙarin riƙe fuska. Ya sa na taka a gabansa, ya duba filastan, ya ce in riƙa 'yar tafiya akai akai, kar in daɗe a zaune, in sha magani a kan lokaci, in na ga zazzaɓi ko ƙafa ta yi sanyi in dawo nan take. Sannan ya ce, "Ba ka gaya musu ba ke nan?" Na ce wallahi ni ma ban gaya wa kaina ba. Na roƙe shi izinin biyawa ta Unguwar Shanu kafin gida, ya ce in je, amma kar in daɗe.

Layin gidanmu mota ba ta shiga da damina, sai a bakin titi muka tsaya. Na fito kamar gungume, na kama hanya a hankali, Rukayya na gefena. Dattawan da ke zaune a ƙofar masallaci suka yi shiru da suka hango ni. Wasu jiya sun yi mini addu'ar gafara. Idanu kawai ke bina har na wuce.

Inna na zaune a kan tabarma a tsakar gida. Kafin in kai gare ta idona ya faɗa kan ɗakin Babanmu, wanda ya daɗe a rufe. A buɗe yake. An share shi, an ɗaga labule. A kan gadon ga jar ledar nan a shimfiɗe, an ja ta ta miƙe, duk ta tsattsage a wajen ninki. Ashe ba ta taɓa yar da ita ba. Ashe jiya da ta kashe wayar, abin da ta tashi ta yi ke nan.

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, an hana ni durƙusawa."

"Wa ya ce ka durƙusa? Tsaya a nan." Ba fuskata take kallo ba, ƙafafuna take kallo. "Je ka bangon can ka dawo. Ke Rukayya, sake shi."

Na je na dawo.

"Sake."

Na sake. Da na juyo na ga haɓarta na rawa. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shiga ɗakin, na ji ƙarar ledar nan da na sani tun ina yaro. Ta fito da ita a dunƙule ta miƙa wa Rukayya.

"Ungo, rufe mini itacen girki da ita, kar ruwa ya jiƙa shi."

Baya ya warke, alhamdu lillahi. Na yi makonni ina salla a kan kujera, ina gaida manya a tsaye kamar marar tarbiyya. Tsakanina da Hajiya kuwa har yau ba a taɓa tayar da maganar ba. Idan na je Kinkinau nakan gaishe ta, in zan fita kuma da baya da baya nake fita, ita ma ta kan sami abin kallo a jikin bango. Malam Idi duk inda ya gan ni sai ya ce, "Ɗana, har yanzu kana nan ko in duba?"

Abin da na koya ba shi da yawa. In likita ya ce ka gaya wa iyalinka, ka gaya musu, ko da kai ba ka yarda ba, don tsoron da ka ɓoye wani ne zai kwana yana shimfiɗa masa leda. Sannan duk nas ɗin da ta ce maka tashi mu taka, ka tashi, amma kafin ka sauko da ƙafa ɗaya ƙasa, ka ce a miƙo maka wando.